Kayan Aikin Kiwo Na Ƙirar Gida: Hanyoyin Rage Wahala Da Asarar Abincin Dabbobi A Kalmalo Da Kewaye

Gabatarwa

Mun shirya wannan bayani ne domin amfanin manoma da makiyaya na Kalmalo da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Illela, da kuma kansiloli, hakimai, masu unguwanni da malaman gona waɗanda jama'a ke zuwa wurinsu neman shawara. Manufarmu ita ce mu bayyana kayan aikin da maƙeri, mai walda ko kafinta na gari zai iya ƙerawa da kuɗi kaɗan, waɗanda ke rage wa mai kiwo wahala, su kuma hana abincin dabbobinsa lalacewa. A ganinmu, yawancin asarar da mai kiwo ke yi da rani ba daga rashin babban inji take tasowa ba. Tana tasowa ne daga kara da harawar da ya riga ya mallaka, waɗanda rana da gara da ƙafar dabba ke cinye wa wani kaso kafin su isa bakinta. Saboda haka muka jero kayan daga mafi arha zuwa mafi tsada.

Kalmalo Da Yanayin Kiwonta

Kalmalo na kusa da garin Illela, a kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, daura da Birnin Ƙonni. An san garin da tafkinsa, wanda ke samun ruwa daga kogin Maggiya da ya taso daga jihar Tawa ta Nijar. A kan wannan kogi ne Nijar ta gina madatsun ruwa na Mozage da Zango domin noman rani na Ƙonni, kuma yana cikin kogunan da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin ƙasashen biyu ta yi magana a kan rabon ruwansu. Akwai shekarun da tafkin ya ja baya ƙwarai, abin da ya shafi masunta da masu lambu da masu shayar da dabbobi baki ɗaya.

Damina a wannan yanki ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Sauran watannin shekara dabba na rayuwa ne a kan karan gero da na dawa, harawar wake da ta gyaɗa, ƙowa, dusa, 'ya'yan gawo da abin da ya rage a lambu. Dabbobin da aka fi kiwo sun haɗa da shanu Gudali, Azawak da Rahaji, tumaki Uda da Balami, jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, sai jakuna, raƙuma da kaji. Kasuwar Illela, wadda ke ci ranar Lahadi, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa maso yammacin ƙasar nan.

Abubuwa uku sun ƙara wa mai kiwo nauyi. Na farko, matsalar ɓarayin shanu da 'yan bindiga a gabashin jihar ta sa mutane da yawa sun koma kiwon turke a gida, wanda ke nufin sai an kai wa dabba komai. Na biyu, cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya sa duk wani aikin inji ya yi tsada. Na uku, rufe iyaka da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, ya nuna cewa abincin dabbobi da kayan gyaran da ake dogara da su daga nesa na iya yankewa ba zato.

Lissafin Aikin Da Ke Kan Mai Kiwo

Masana kiwo sun ƙiyasta cewa dabba mai tuƙa tana buƙatar busasshen abinci kimanin kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinta a kowace rana. Ke nan sa mai nauyin kilo 250 zai ci fiye da kilo 6 kullum. Daga Nuwamba zuwa Yuni, wato kwana 240, abin ya kai kilo 1,500 ga sa ɗaya tak. Haka nan da bazara saniya kan sha lita 30 ko fiye a rana, tunkiya ko akuya kuwa lita 4 zuwa 5. Gidan da ke da shanu biyar da tumaki goma yana buƙatar kusan lita 200 kowace rana, daidai da jarka takwas mai cin lita 25. Yanka wannan abinci, ɗaukarsa, ajiye shi da jan wannan ruwa su ne ke cinye lokacin magidanci da matan gida, su kuma hana yara da dama zuwa makaranta a kan lokaci. A kan waɗannan ayyuka huɗu ne kayan da za mu ambata suka tsaya.

Yankan Kara

Idan aka zuba wa dabba dogon kara, takan tsince ganye da kan karan, ta tattake saura, ta yi fitsari a kai. Idan aka yanka shi gajere, tsawon gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, aka yayyafa masa ruwan gishiri ko na kanwa, aka barbaɗa dusa, takan cinye kusan duka. Hanyoyin yankan uku ne.

Ta farko ita ce adda da kututture, wadda kowa ya sani. Ba ta cin kuɗi, amma tana cin lokaci, ga kuma haɗarin sare yatsa.

Ta biyu ita ce wuƙar dannawa. Maƙeri zai samu tsohon sifirin ɗin mota, ya buge shi ya wasa gefe ɗaya, ya huda ƙarshensa ya ɗaura da noti a jikin ƙarfen da aka kafe a kan benci, sa'an nan ya sa wa ɗaya ƙarshen doguwar ƙota. A gaban wuƙar ana yin ɗan kwararo na katako inda ake tura damin kara. Tsawon ƙotar shi ke ba da ƙarfi, ta yadda mutum ɗaya zai yanka kara da yawa a dannawa guda ba tare da ya ɗaga hannu sama ba. Ga mai raguna biyar zuwa goma na layya, wannan ta wadatar.

Ta uku ita ce injin yankan kara da masu walda ke haɗawa, inda ake ɗaura wuƙaƙe ko gudumomin ƙarfe a kan sanda mai juyawa cikin boris biyu, a rufe da akwatin ƙarfe mai rariya a ƙasa, a haɗa da bel zuwa ƙaramin inji irin na niƙa ko na ban ruwa. Yana niƙa kara, totuwar masara da 'ya'yan gawo. Ba mu ba mutum ɗaya shawarar sayensa domin dabbobi kaɗan ba, saboda kuɗin mai da gyara za su fi amfanin. Ya fi dacewa da ƙungiya, ko da matashin da zai riƙa niƙa wa jama'a a biya shi kamar yadda ake biyan mai injin niƙan hatsi. Manomin da ke da injin ban ruwa wanda ke zaune babu aiki bayan an tashi daga lambu yana iya amfani da shi a nan.

Akwatin Ɗaure Harawa Da Rumfar Ajiya

Amfanin harawa yana cikin ganyenta. Duk lokacin da aka ɗaga ta, aka jefa kan jaki, aka sauke, ganye na kakkaɓewa, har a wayi gari sai tsinke ya rage. Hanyar magance haka ita ce a yanke ta tun ganyen na kore, a shanya ta kwana biyu ko uku, a ƙarasa busar da ita a inuwa, sa'an nan a matse ta cikin akwati.

Akwatin na katako ne, ba shi da murfi kuma ba shi da gindi, tsawonsa kamar mita ɗaya, faɗi rabin mita, zurfi santimita 40. Ana shimfiɗa igiya biyu a cikinsa, bakunansu na rataye a waje, a zuba harawa ko ciyawa, a hau a tattake, a ƙara, har ya cika. Sai a ɗaure igiyoyin tamau, a ɗaga akwatin, dunƙulen ya rage a ƙasa. Irin wannan dunƙule ba ya cin wuri, yana da sauƙin lodi a amalanke, kuma mai shi zai iya ƙidaya abin da yake da shi ya san ko zai kai shi damina. Idan sayarwa zai yi, ya san abin da yake sayarwa. An daɗe ana amfani da wannan akwati a ƙasar Kenya, kuma kowane kafinta zai iya yin sa cikin yini ɗaya.

Game da ajiya, al'adar ɗora harawa a kan bishiya ko rufin ɗaki tana tsare ta daga awaki, amma ba ta tsare ta daga rana, wadda ke ƙone korenta. Ya fi kyau a kafa rumfa mai dakali na itace wanda ya ɗaga daga ƙasa kamar rabin mita, a rufe samanta da zana ko tamfol, a zuba toka ko a shafa baƙin mai a gindin ginshiƙan saboda gara. A nesanta ta da murhu. Duk abincin da ya yi fumfuna a zubar da shi, musamman na gyaɗa, domin yana ɗauke da guba mai lalata hanta, wadda kan fita har cikin nono.

Komi Da Ragar Ciyawa

Wannan shi ne mafi arha cikin duk kayan, kuma shi ya kamata kowa ya fara da shi. Durom ɗaya idan aka raba shi biyu a tsaye yana ba da komi biyu. Sai a lanƙwashe bakin ko a lulluɓe shi da tsohon tiyo domin kada ya yanki dabba, a kafa masa ƙafafu. Tsohuwar tayar babbar mota da aka yanke gefe ɗaya aka juya cikinta waje, ko jarkar da aka tsaga, su ma suna yi wa tumaki da awaki. Kada a yi amfani da mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadari a ciki, ko da an wanke shi.

Ragar ciyawa kuwa sanduna ne ake jerawa a karkace ta fuska biyu, su haɗu a ƙasa su buɗe a sama, da tazarar da bakin dabba zai shiga amma kanta ba zai wuce ba. Ana sa komi a ƙarƙashi ya tare ganyen da ke zuba. Ban da rage asara, ɗaga abinci daga ƙasa na rage kamuwa da tsutsar ciki, domin ƙwanta na cikin kashin dabba, yana kuma hana dabba haɗiyar leda da yashi. Mahauta shaida ne a kan yawan ledar da ake tararwa cikin tumbin dabbobi. Duk mai shakka yana iya gwadawa da kansa: ya auna abin da ya rage a ƙasa mako ɗaya ba tare da komi ba, ya sake aunawa mako na biyu da komi.

Gyaran Kara Da Takin Yuriya

Busasshen kara na cika ciki amma ba ya gina jiki sosai. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaɗa hanyar gyara shi da takin yuriya a ƙasashen Sahel, har da Nijar. Awon shi ne kilo 5 na yuriya a narka cikin lita 50 na ruwa domin kilo 100 na kara ko bambaron shinkafa. Domin sauƙin aiki: kilo ɗaya cikin bokitin lita 10, a yayyafa wa kilo 20.

Ana haƙa rami ko a gina ɗan ɗaki na laka, a shafe cikinsa ko a shimfiɗa leda mai kauri. Sai a zuba yankakken kara hawa hawa, ana yayyafa ruwan ana tattakewa, a ƙarshe a rufe ruf da leda da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba. A zafin yankinmu mako biyu zuwa uku ya isa, da hunturu kuwa a ƙara mako ɗaya. Idan ya yi, launinsa zai koma ruwan ƙasa, ya yi laushi, ya riƙa wari mai shiga hanci. Ana ɗebo na gobe tun yau a baza shi a inuwa warin ya fita, a mayar da murfin. Wannan gyara na kusan ninka sinadarin gina jiki da ke cikin karan, ya kuma sa dabba ta fi narkar da shi. Wanda ya yi rami biyu zai riƙa ciyarwa daga ɗaya yayin da ɗayan ke nuna.

Haka nan ana yin dunƙulen lasa da dusa, gishiri, yuriya da ɗan siminti domin ya daskare, a matse cikin gwangwani ko ƙaramin bokiti, a busar a inuwa. Ƙa'ida ita ce yuriya kada ta wuce kashi 10 cikin ɗari, a narkar da ita sarai kafin haɗawa, kuma dunƙulen ya yi tauri yadda dabba za ta lasa kawai ba ta gatsa ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, wato INRAN, ta fito da wani nau'in dunƙulen abinci da ake haɗawa da niƙaƙƙen kara, 'ya'yan gawo, dusa da gishiri. A Nijeriya kuwa cibiyar NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ita ke da alhakin binciken kiwo da abincin dabbobi.

Muna jan kunne cewa yuriya guba ce idan ta yi yawa. Ba a ba jaki, doki ko kaji, ba a ba ɗan maraƙi ko ɗan tunkiyar da bai fara tuƙa ba, ba a fara ba dabba mai tsananin yunwa. A saba mata da kaɗan kaɗan cikin mako biyu. Kada a bar ruwan sama ya taru a kan dunƙulen dabba ta sha. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi malamin dabbobi ya tsaya masa a karon farko.

Jan Ruwa Da Ɗaukar Kaya

A rijiya mai zurfi, abu mafi sauƙi shi ne a kafa itace biyu masu gwafa, a gitta ƙarfe, a sa ƙaramin wili mai kwari a tsakiya inda igiya za ta bi. Tsohon wilin babur ko na keke da aka cire wa taya yana yin wannan aiki. Da shi mai jan guga zai ja ƙasa maimakon ya sunkuya ya ɗago, igiya ba ta cin bakin rijiya, kuma ana iya ɗaura ta ga jaki, sa ko raƙumi ya ja babban wasaki, kamar yadda makiyayan arewacin Tawa suka daɗe suna yi. A gina komin siminti nesa kaɗan da rijiyar, a haɗa su da kwata, domin kada dabbobi su ɓata bakinta.

A fadama, inda ruwa ke kusa, jigo na nan da amfaninsa. Akwai kuma famfon takawa da ƙafa, wanda aka ƙirƙiro a Bangaladash wajajen 1980, aka shigo da shi Nijar a ƙarshen shekarun 1990, inda masu walda na gida suka riƙa ƙera shi, har aka raɗa wa wani nau'insa suna Niyya Da Ƙoƙari. Ba ya shan mai, amma ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce kimanin mita 7. Famfo mai aiki da hasken rana ya fi kowanne hutu, sai dai kuɗin sayensa na da yawa, don haka ya fi dacewa da mashayar gari wadda ke da kwamitin kula da ita da asusun gyara.

Amalanken jaki ko na shanu shi ne uban kayan aikin mai kiwo. Durom ɗaya mai cin lita 200 a kansa ya ɗauke wa gida zirga-zirgar jarka takwas. Shi ne kuma zai kwaso kara daga gona da kaka, ya kai taki gona da rani. Aikin noma da shanu ya shigo arewacin Nijeriya tun shekarun 1920, a Tawa kuma akwai masana'antar ACREMA wadda ta shahara wajen ƙera amalanke da garmar dabbobi, don haka fasahar ba baƙuwa ba ce ga masu waldar yankin. Abin lura wajen saye shi ne gatarin ƙafafun ya zama mai boris da tayar da ake samun irinta a kasuwa, kuma kaya su zauna daidai kan gatarin, kada nauyi ya koma bayan jaki. A sa masa ƙyalle mai kauri a ƙirji da baya. Jakin da ya yi gyambo ba ya aiki, kuma jinyarsa ta fi kuɗin ƙyallen.

Kamun Dabba Da Awon Nauyinta

Kayar da sa domin allura ko cire kaska na buƙatar ƙarti uku ko huɗu, kuma sau da yawa ana jin rauni. Maganin haka shi ne lungun kamu: layi biyu na ginshiƙai masu ƙarfi da aka gitta wa sanduna, faɗin tsakaninsu kimanin santimita 70, yadda dabba za ta shiga amma ba za ta iya juyawa ba. Ana tare gabanta da bayanta da sanda. Guda ɗaya ya ishi unguwa, kuma yana sa ma'aikatan rigakafi su gama da garke da wuri.

Magani kuwa da nauyi ake ba da shi. Idan ya gaza ba ya kashe tsutsa, idan ya zarce yana cutarwa. Inda babu sikeli, tef ɗin tela ya isa a ƙiyasta nauyin saniya. A auna kewayen ƙirjinta daf da bayan ƙafafun gaba, a auna tsawonta daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duka da santimita. A ninka awon ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 10,840. Misali, ƙirji 150 da tsawo 120 zai ba da kusan kilo 249. Mai kiwon turke da ke yin wannan awo duk wata zai gane ko dabbarsa na ƙaruwa, ya kuma shiga kasuwa da sanin abin da ke hannunsa.

Kaji Da Nono

Shirwa da shaho da rashin ruwa mai tsabta ne ke rage 'yan tsaki. Akurki mai wayar raga wanda ake iya ɗagawa a canza masa wuri yana tsare su a makonnin farko. Mashayarsu kuwa gwangwani ne da aka huda kusa da bakinsa, a cika shi da ruwa, a kifa cikin faranti; ruwan zai riƙa fitowa daidai yadda suke sha, ba kuma za su faɗa ciki ba.

Domin sanyaya nono da kayan lambu akwai tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa mai iska. Yayin da ruwan ke bushewa yana janye zafin da ke ciki, shi ya sa ta fi aiki da rani. Ba ta maye gurbin dafa madara, ba ta kuma kai firiji sanyin da magungunan rigakafi ke buƙata.

Kariya Daga Haɗari

Rigakafi ya fi magani. Duk injin da aka haɗa a gida dole a rufe bel ɗinsa da wuƙaƙensa da murfin ƙarfe. Bakin da ake tura kara ya fi hannun mutum tsawo, kuma da sanda ake turawa. Ba a aiki da shi cikin babbar riga, rawani mai jela ko mayafi. A kashe shi kafin a cire abin da ya maƙale, a duba notuna kafin a tayar, a hana yara matsowa. A tsince waya da ƙusa daga cikin kara, domin idan saniya ta haɗiye su suna iya huda tumbinta har su taɓa zuciya. Wasu na ɗaura maganaɗisun tsohuwar lasifika a mafitar injin ya riƙa kama su.

Abin Da Ya Rataya A Wuyan Shugabanni

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba shugabannin Kalmalo, Araba, Damba, Gidan Hamma, Tozai da sauran mazaɓu waɗannan shawarwari:

1. A tattara sunayen maƙera, masu walda da kafintocin kowace mazaɓa, domin idan wani shiri ya zo da kuɗin kayan aiki a fara ba su aikin. Abin da aka ƙera a gari, a gari ake gyara shi.

2. A yi gwajin wuƙar dannawa, akwatin harawa da ramin yuriya a bainar jama'a da kaka, lokacin da kara ke da yawa, ba da bazara ba bayan ya ƙare.

3. A tabbata mata sun samu nasu zaman koyarwa, domin mafi yawan awaki, tumaki da kajin gida a hannunsu suke.

4. Ƙungiyar da za ta sayi inji ta rubuta tun farko wanda zai riƙe shi, kuɗin niƙa da kason da za a ware domin gyara. Rashin wannan ne ke sa injunan taron jama'a su mutu cikin shekara ɗaya ko biyu.

5. A ci gaba da faɗakarwa a kan ƙona kara a gona da cinna wa daji wuta.

Kammalawa

Muna kira ga kowane mai kiwo ya fara da abin da ƙarfinsa zai kai. A bana ya yi komi da raga, ya kafa rumfar ajiya. Baɗi ya ƙara wuƙar dannawa da akwatin harawa. Amalanke da inji su biyo baya ta hanyar adashi ko ƙungiya. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko sashen aikin gona da kula da dabbobi na Ƙaramar Hukumar Illela. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.